Amsa ga Jikata Game da Keken Ɗinkin Iya

Jikata kuma kishiyata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyayenki da ƙannenki, saƙonki ya iso gare ni, na fara karanta shi ina dariya, amma kafin in kai ƙarshensa dariyar ta ragu. Kin ce wani mai sayen tsofaffin kaya ya ga keken ɗinkin nan da ke lulluɓe a ɗakin mahaifiyarki, ya taya shi da daraja, ke kuma da yake kina koyon ɗinki a kan keken lantarki, kina ganin kuɗin za su taimaka miki ki mallaki naki. Mahaifiyarki ta ce ba a sayar da shi, da kika nemi dalili ta ce haka ta taras. Shi ne kike tambayata ko akwai wani abu a jikin keken, ko kuwa wanda ya sayar da shi wani mugun abu zai same shi, kamar yadda kika ji ana hana ɗinke wa mutum riga tana jikinsa.

Da Iya, kakata mai keken, tana raye ta ji ana zargin kekenta da aljanu, da ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafinta. Abin da ya dame ni shi ne a ce zance ya lalace a cikin gida ɗaya, daga bakin da ya san dalili zuwa bakin da ba shi da abin faɗa sai haka na taras, har yarinya mai hankali irinki ta cike gurbin da tsoro. Maganar ɗinke riga a jikin mai ita kuwa, mutane da yawa a duniya suna da irin wannan hani, har Yahudawan gabashin Turai sukan ba wanda ake yi wa ɗinkin guntun zare ya riƙa taunawa. Iya ma tana hanawa, amma dalilinta a fili yake. Takan ce mai rai ba ya tsayawa cik, numfashi kaɗai ya isa ya karkatar da ɗinki, allura kuma ba ta san bambancin yadi da fata ba.

Iya kakata ce, mahaifiyar mahaifina, wato a wajenki kakar kakarki ce, kuma a hannunta na tashi. Kafin ta mallaki keke ta daɗe tana ɗinkin hannu, shi ya sa kan babban yatsanta da manuninta suka yi kanta, har takan tura allura cikin yadi mai kauri ba tare da ta sa komai a yatsa ba. Idan ta yi kalmasa da hannu, sai kin juya rigar ciki kin kai ta haske kafin ki ga inda zare ya bi. Ba ta yi karatun boko ba, ba ta taɓa rubuta awon kowa a takarda ba, amma mace takan shigo su gaisa, Iya ta ce mata ta miƙo mata wani abu daga can gefen ɗaki, alhali ba abin take so ba, so take ta ga yadda matar ke tafiya da yadda kafaɗarta ke sauka idan ta ɗaga hannu. Bayan haka ne take ɗauko igiyar awo. Ta sha gaya mana cewa igiya tana faɗa maka tsayin mutum da faɗinsa, amma ba ta faɗa maka ko shi mai saurin tafiya ne ko mai yawan sunkuyo, kuma riga da mutum za ta yi yawo.

Tana da dokoki, ba ta kuma sassauta su don kuka ko don shagwaɓa. Ba a yanka takarda da almakashinta, domin takarda tana dakushe kaifi, almakashin da ya dakushe kuwa tauna yadi yake yi. Yadin auduga sai an jiƙa shi ya bushe kafin a yanka, saboda yana tsukewa a wankin farko, idan aka ɗinka shi a sabonsa rigar da ta zauna daidai yau za ta matse bayan mako guda. Yarinyar da ta zo koyo ba ta hawa keke sai ta iya kalmasa da sa maɓalli da faci da hannu. Wasu iyayen sukan yi ƙorafi cewa an bar 'ya'yansu da allura watanni, Iya ta ce musu keke sauri kawai yake ƙara wa mutum, wanda hannunsa ya karkace to da sauri zai ɓata kayan mutane.

Shi keken a hannun wani tsohon tela ta saye shi, tana biya da kaɗan-kaɗan daga abin da allura ta kawo mata. Tarihinsa sai daga baya na sani, lokacin da nake koyar da ɗinki a makaranta. Sunan da ke jikinsa na wani Ba'amurke ne, Isaac Singer, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1851. Ba shi ne na farko ba, domin Elias Howe ya riga shi a 1846 da keke mai zare biyu, har rigima ta kai su kotu aka tilasta wa Singer ya riƙa biyansa. Kamfanin Singer ne kuma ya fito da tsarin sayar da keke a biya sannu a hankali tun 1856, don talaka ya iya mallaka, ashe hanyar da Iya ta bi ta girmi Iya. Idan kika duba jikin namu za ki gane ƙirar nan ce mai lamba 15, wadda maɗaurin zarenta na sama yake a gefen hagu na kan keken, kuma an ƙera shi a masana'antar Clydebank kusa da Gilasgo a Sikotland, masana'antar da aka rufe a 1980. Kekunan Butterfly na ƙasar Sin da suka cika ko'ina daga baya wannan ƙirar suka kwaikwaya, shi ya sa har gobe ba a rasa kayan gyaransa. Kafin su duka akwai wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, da ya yi rajistar nasa keken a 1830, sai 'yan'uwansa teloli suka afka wa wurin aikinsa suka farfasa kekunan don tsoron kada inji ya raba su da sana'a. Na kawo miki wannan ne don ki san ba na cikin masu zagin kekenki na lantarki. Ita ma Iya, da ta sayi nata, akwai tsofaffin da suka ce ɗinkin ƙarfe ba ya ƙarko.

Akwai wani dare da ba na mantawa. Ina yarinya a lokacin, ban isa hawa keke ba amma na isa a aike ni. Wata mata da mijinta ya rasu ta zo da yadi guda don a ɗinka wa 'yarta rigar da za ta sa ranar aurenta, yadin mai launin shuɗi ne da manyan furanni da ke kallon gefe ɗaya. Na mahaifiyar matar ne, ya daɗe a akwati, har asu ya huda shi a wurare biyu, ga shi kuma bai kai yawan da ake bukata ba. Iya ta shimfiɗa shi a tabarma ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Matar ta fara ba da haƙuri, tana cewa idan ba zai yiwu ba a yi wa yarinyar gajeren hannu kawai. Iya ta ce ta tafi gida, ranar biki 'yarta za ta sa riga mai dogon hannu kamar kowa.

Kwanaki suka wuce almakashi bai taɓa yadin ba. Kullum da safe sai ta shimfiɗa shi, ta zana da alli, ta goge, ta sake zanawa, ta naɗe. Ni har na gaji na tambaye ta yaushe za ta fara, ta ce mini ɗinki ana warware shi amma yanka ba a warware shi, don haka a wajen yanka ake kashe lokaci. Wahalar ita ce furannin duk sama suke kallo, ba dama ta juya wani yanki ƙasa don ta ci rarar yadin, kuma ba ta yarda ta yanka a karkace ba, domin yadin da aka yanka a karkace miƙewa yake yi ya zubo. Dabarar da ta yi a ƙarshe ita ce ta raba kowane hannun riga gida biyu, ta sa haɗin ya bi ta tsakiyar fure, rabin furen a wannan yanki rabin a wancan, ta kuma tura hudar asu ɗaya cikin kalmasa, ɗayar ta faɗa daidai inda za a fitar da wuya.

Sai ana gobe biki da yamma ta hau keke. Ta gama jikin rigar ta fara hannu na farko bayan sallar isha, fitilar ƙwai tana gefenta, ni ina kwance ina gyangyaɗi da ƙarar keken a kunnena, sai na ji ƙarar ta yanke. Belin ne ya tsinke. Kin san belin irin wannan keke na fata ne, zagayayye, an haɗa bakinsa biyu da ɗan ƙarfe, kuma yana saki da amfani, idan ya saki sai a yanke kaɗan a huda sabon rami a sake haɗawa. Na Iya an yi ta rage shi har ya kai ba ya zagaye ƙafafun biyu, fatar kuma ta bushe ta yi tsatstsage, duk inda ta huda sai ya yage. Ta gwada igiya, igiya ta riƙa zamewa. A wannan dare babu inda za a samo wani.

Na ɗauka za ta koma ɗinkin hannu, tun da ta fi kowa iyawa. Ta ce a'a, jikin riga ɗinkin keke ne, idan hannu ya zama na allura mai ido zai gani, kuma marainiya ba za ta shiga cikin mutane da rigar da ake nunawa da baki ba. Ta tashe ni, ta wanke mini fuska, ta tsayar da ni a gefen dama na keken, ta ɗora hannuna a kan ƙaramar ƙafar nan ta sama. Ta ce in riƙa juyawa zuwa wajenta, kada in kuskura in mayar baya, domin idan aka juya baya zaren sama da na ƙasa sukan harɗe su cushe a ƙarƙashin yadi. A daren ne na fahimci yadda keke ke aiki, saboda a hankali muke tafiya har ana ganin komai. Kafar allurar keke a tsininta take, saɓanin ta hannu, tana nutsawa da zare ƙasa, wani ɗan ƙugiya ya kama shi ya zagaya da shi bayan kwarkwaron da ke ciki, zare biyun su sarƙe a tsakiyar yadi, sannan haƙoran da ke ƙarƙashi su ja yadin gaba kaɗan. Juyi ɗaya ɗinki ɗaya ne. Da ƙafa ake takawa, taku ɗaya yakan ba da ɗinki da dama saboda ƙafar ƙasa ta fi ta sama girma nesa, amma mu a daren kowane ɗinki sai da hannuna ya biya shi.

Ita tana riƙe da yadin da hannu biyu, fuskarta dab da allura, tana cewa juya, tsaya, juya. Idan muka zo wajen haɗin fure sai ta ce in bi a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Kafaɗata ta yi tsami, na canja hannu, na yi kuka kaɗan, ba ta tsawata mini ba kuma ba ta lallashe ni ba, sai dai ta riƙa ba ni labarin yarinyar da za ta sa rigar, yadda aka haife ta da yadda mahaifinta ya rasu, har na ji kamar 'yar'uwata nake yi wa aiki. Can cikin dare muka gama hannu na biyu. Ta ɗaga rigar kusa da fitila, ta daɗe tana dubawa, sai ta ɗauki allura ta fara warware ɗinkin hammata na hagu, wai ya ɗan tattare. Ni ban ga komai ba, na ce mata ai hammata ce, wa zai gani. Ta ce mai rigar za ta ji shi duk lokacin da ta ɗaga hannu, ko da ba ta san abin da ke damunta ba. Muka sake shi. Kiran asalatu ya same mu tana guga.

Da gari ya waye matar ta zo, ta juya rigar gaba da baya tana neman inda aka yi haɗi ba ta gani ba, sai da Iya ta kama yatsanta ta ɗora a kan furen. Matar ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Sannan Iya ta miƙa mata wani ɗan ƙulli, ƙyallayen da suka rage ne, babbansu bai wuce tafin hannu ba, har da ɗan zagayen da aka fitar daga wuya mai hudar asu a jiki. Matar ta ce haba Iya, wannan ai shara ce, a zubar. Iya ta ce idan shara ce ki zubar da hannunki, yadin mahaifiyarki ne. Bayan ta tafi na tambaye ta me ya sa take wahalar da kanta da irin wannan, ta ce mini uwarta ta gaya mata cewa tela da ƙyalle yake fara sata, kuma wanda ya saba riƙe tafin hannu wata rana zai riƙe kamu guda bai ji komai ba.

Haka ta rayu. A gefen gadonta akwai akwati cike da ƙulle-ƙulle na kayan mutane, kowanne ɗaure da tsinken yadinsa, kuma ba ta taɓa ba wata kayan wata ba. Da tsufa ya zo ido ya fara gazawa, mu ne muke zura mata zare a allura, amma yatsunta ba su gaza ba, takan shafa ɗinkin ɗalibarta ido rufe ta ce nan zaren sama ya yi tauri, a sassauta. Ranar da Allah ya karɓi abinsa akwai aikin mutane a akwatin, wasu an yanka ba a ɗinka ba, wasu ko taɓa su ba a yi ba. Bayan an share makoki ƙanwar mahaifina, wadda ita ce ta fi daɗewa a gefen keken, ta zauna ta ƙarasa su ɗaya bayan ɗaya, aka kai wa kowa nasa da ƙyallayensa, waɗanda suka riga suka biya ba a karɓi komai a hannunsu ba.

Da aka zo rabon abin da ta bari, an ƙiyasta keken kamar sauran kaya, ba a ɓoye shi ba kuma ba a zalunci kowa ba. Babban wan mahaifina ne ya ce shi a wajen magabatansa ya ji cewa kayan aikin mai sana'a hannu suke bi, a duba wanda zai yi aiki da su a sa a cikin rabonsa. Magada suka yarda, keke ya tafi wajen goggona, daga ita ya zo hannuna, ni kuma na ba mahaifiyarki lokacin da take ɗinka muku kayan makaranta. Babu rantsuwar da aka yi a kansa, babu wanda ya ja wa kowa Allah ya isa. Kowace daga cikinmu ta karɓe shi ne a lokacin da take ɗinki, har aka zo inda mai riƙe da shi ta daina, sai aka lulluɓe shi da tsohon zane aka bar dalilin a ƙarƙashin zanen.

Yanzu ina kallon yadda sana'ar ta koma, wani lokaci sai in yi shiru. Tela ya karɓi aikin da ya san ba zai gama ba, ya ce gobe, goben ta zama mako, mai kaya ya yi ta sintiri har biki ya wuce. A kai yadi wadatacce a dawo da riga matsattsiya, rarar kuwa ba a ma maganarta, sai dai ka gan ta a wuyan rigar wani. Ku kuma masu sa kayan, maɓalli ya faɗi sai a jefar da riga, kalmasa ta kwance sai a ce ta tsufa. Ban ce kowa haka yake ba, na ga yara masu hannu da Iya da kanta za ta yaba musu, kuma injinan yanzu suna gyara bakin yadi cikin ƙiftawar ido, aikin da mu yake cin yininmu. Sai dai ina so in sani, a inda kike koyo, an taɓa sa ki warware ɗinkin da babu wanda zai gani? An taɓa ce miki ki ƙulle ƙyalle ki mayar wa mai shi?

Game da sayarwa, keken yanzu na mahaifiyarki ne, ita ke da iko da shi, kuma in ta sayar babu abin da zai same ta ko ya same ki. Abin da na sani shi ne masu sayen irin waɗannan kaya da yawansu ba ɗinki za su yi ba, wasu ƙafafun ƙarfen kawai suke so su ɗora katako su yi tebur, kan keken kuma ya zama abin ado ko ya tafi wajen masu narka ƙarfe. Na kuma san ranar da wuta ta ɗauke, mai keken lantarki zama take yi ta rungume hannu, ko da gobe ne bikin. Ke ce ta farko a cikin jikokina da ta ɗauki allura da kanta ba tare da an tilasta mata ba, don haka ki ce wa mutumin ya dakata tukuna.

Idan kin samu hutu ki yaye zanen, ki goge ƙurar da busasshen ƙyalle, kada ki sa ruwa ko sabulu a kan zanen zinaren da ke jikinsa domin gogewa yake yi. Ki kwance farantin da ke ƙarƙashin allura ki kwashe tarin audugar da ta taru a tsakanin haƙoran, sannan ki ɗiga man keke a kowane ɗan rami da kika gani a samansa, ɗigo ɗaya ya isa, kuma kada ki yarda kowa ya ba ki wani man daban, domin daskarewa yake yi ya riƙe ƙarafan. Ki juya ƙafar sama da hannu zuwa wajenki har ki ji ta saki. Belin da ke jiki na tabbata ya bushe, ki sayi sabo, ki sayi biyu. Gidan kwarkwaro da ƙaramin abin kwance noti suna cikin aljihun tebur na hagu, in ƙannenki ba su yi wasa da su ba. In kin tayar da shi ki yi kalmasa a kan farin yadi da baƙin zare ki aiko mini in gani.

Ki gaishe mini da mahaifiyarki, ki ce mata ina nemanta a waya.

Kakarki.